Kujerar kasuwa ta ƙi zama a kan cesis: yaya ake haɗa mata mazauni?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu walda da kanikawa. Babur ɗina samfurin CG 125 ne, mai shokozoba biyu a baya. Farantin kujerarsa ta asali, wato ƙasanta mai tauri da soso ke kai, na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye shi, sai na sayi ta kasuwa, shimfiɗaɗɗiya, tsawonta santimita 62, faɗinta 24 a tsakiya, 16 a hanci. Farantinta na roba ne mai tauri, da bolti 4 masu lamba 10, wato waɗanda sifana 10 ke kamawa, da suka fito ta ƙasa. Biyun gaba santimita 9 ne tsakaninsu, biyun baya 12, daga na gaba zuwa na baya 34. Ba ta da harshen nan da ke shiga ƙarƙashin tanki, ba ta da kunnuwan gefe. Fayif biyu na cesis, wato ƙarfen gangar jikin babur, da kujera ke kwanciya a kai, in an auna tsakiya zuwa tsakiya, 13 ne a bakin tanki, 19 a saitin shokozoba.

Ƙarafan da suka zo a kwalinta da hannu ma ana lanƙwasa su. Wasu sun ce a huda cesis a ɗaura, wasu sun ce a manna ƙarfe da walda a wuce wurin. Hanyata Samaru zuwa Giwa ce, da goyo, wani lokaci da buhu. Wane ƙarfe zan saya, mai kaurin nawa, a ina za a kama shi, kuma me zan kiyaye? Allah Ya saka da alheri.

Mai Walda Muchiya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bari a huda fayif ɗin cesis. Kaurin jikinsa bai wuce milimita 2 ba, wani ma bai kai ba. Huji yana rage masa ƙarfi, in aka matse bolti a ciki fayif ɗin ya lotsa, ruwan damina kuma ya samu ƙofa ya riƙa cinsa ta ciki inda ido ba ya gani. Waldar ma ka jinkirta ta, domin yawanci ba a bukatarta.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne bolti ba ya ɗaukar nauyin mutum. Juya tsohuwar kujerar ka duba ƙasanta, za ka ga robobi baƙaƙe 4 ko 6 a jere. Su ne ke sauka a kan fayif, su ke ɗaukar kai da wanda ka goya. Harshen gaba da bolti biyu na baya aikinsu kawai su hana kujera ɗagawa ko zamewa. Duk biraket ɗin da ka ga ya karye cikin wata biyu, ka bincika, za ka tarar an rataye kujerar a kansa ne, ba abin da ya tokare ta a kan cesis.

Abin da za a haɗa maka ƙaramin ƙarfe ne mai siffar tsani, wanda zai ɗauru a jikin kujera, shi kuma ya kama cesis ta wuraren da kamfani ya riga ya tanada. Ka sayi shimfiɗaɗɗen ƙarfen nan da ake kira falat ba, mai faɗin milimita 25, kauri 3, kamar santimita 90, a yanka biyu su bi tsawon kujera, kowanne ya haɗa bolti na gaba da na baya a gefensa. Sai mai faɗin 30 kauri 5, kamar santimita 40, na gicciyen baya wanda za a lanƙwasa bakinsa biyu su zama kunnuwa. Sai guntun mai faɗin 40 kauri 3, santimita 12, na harshe, da wani guntun na gicciyen gaba. Ba sai ka sayi cikakken tsawo ba, masu ƙarfe a Sabon Garin Zariya suna yankawa, ko ka karɓi ragowa a wurin mai walda. Amma ka tafi da abin awo, saboda abin da ake kira mai 3 sau da yawa 2.5 ne. Rodin gini da sifirin ɗin mota kada su shiga aikin nan. Ba a san haɗinsu ba, gefen waldarsu yana yin gautsi ya tsage.

Kafin a taɓa ƙarfe a fara da kwali. Ɗaure zare daga babban notin wuyan babur zuwa tsakiyar fitilar baya, ka ja layi da alli a kan madigadi, wannan ne tsakiyarka. Ja irin wannan layi a ƙasan kujerar. Ɗora kwali a kan boltin kujera ka danna su huda shi, ka cire, ka ɗora shi a kan cesis layi bisa layi, ka zana inda fayif biyu suka bi da inda kunnuwan cesis na asali suke. Yanzu a takarda ɗaya kana ganin komai: inda roba za ta zauna, inda gicciyen baya zai faɗa. Kada ka damu in gicciyen bai zo daidai da boltin baya ba, amfanin dogayen ƙarafa biyun ke nan, suna ba ka damar matsar da shi gaba ko baya har ya yi saiti da kunnuwan.

Huji na boltin kujera a yi shi da milimita 6.5, na kunnuwa da 8.5 tunda bolti mai kaurin 8 ne ke shiga can, wanda sifana 12 ko 13 ke kamawa. Daga tsakiyar huji zuwa bakin ƙarfe a bar akalla milimita 12 ga ƙanana, 15 ga manya. Na jikin dogayen ƙarafan a yi su masu ɗan tsawo: huji biyu dab da juna, a share tsakaninsu da magagari, don kujera ta samu matsawa gaba da baya kamar santimita 1. A yi hujin da injin huda. Huda ƙarfe da wutar walda yana barin baki mai kaushi da gautsi, washa ba ta kwanciya a kansa, noti kuma ya riƙa kwancewa.

Wajen lanƙwasa kunnuwa, a kama a bayis, wato mamatsar ƙarfe ta kan teburi, a bi da guduma a hankali, kwanar ta fito da ɗan zagaye, kada ta yi kaifi. Akwai masu tsaga ƙarfe da giranda kafin su lanƙwasa don ya yi sauƙi. In an yi haka dole a cike tsagar da walda, in ba haka ba daga nan zai fara karyewa.

Ba a walda tsanin yana jikin kujera. Zafi yana bin bolti ya narkar da robar da ta riƙe shi, daga nan bolti ya fara juyawa a banza. A kwafe hujojin kwalin a kan katako, a ɗaure ƙarafan a kai, a ɗiga walda a kusurwa huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangare biyu a ga awon ya zo ɗaya, a gwada a jikin kujera da cesis, sannan a cika. Sandar walda geji 12 ta isa, wato mai milimita 2.5, wuta tsakanin amfiya 70 da 90. A yi nan kaɗan, a tsallaka ɗaya gefen, a dawo, don kada ƙarfe ya murɗe. A bar shi ya huce da kansa, ba a zuba masa ruwa. In wutar lantarki ta yi rauni sanda tana mannewa, gara a jira ko a tayar da janareta, domin waldar da ta hau sama kawai ba ta shiga ƙarfe ba, ranar da ka faɗa rami za ta saki.

Hujin kunnuwa shi ne na ƙarshe, kuma a nan yawancin aiki ke lalacewa. Sai an sa robobi, an zura harshe, wani ya hau kujerar ya zauna, sannan a zura alƙalami ta hujin cesis a yi alama a jikin kunnen. In aka yi haka, da an ɗaure bolti robobin suna nan a matse da milimita 1 zuwa 2, kujera ba ta rawa ba ta ƙara. In aka yi alamar babu kowa a kai, nauyin mutum zai koma kan bolti. Wannan hujin a bar shi zagaye, kada a ja shi sama da ƙasa.

Malamin Ƙere-ƙere, Kongo:

Maigida na Muchiya ya kawo tsarin daidai. Inda zan tsaya shi ne gicciyen baya, saboda wanda ya yi tambaya ya ce yana goyo yana ɗaukar buhu, kuma farantin roba ne. Farantin ƙarfe yana riƙe kansa tsakanin fayif biyu. Na roba, musamman in ya sha rana a watan Afrilu, yana lotsawa a tsakiya ya sauke nauyinsa a kan duk ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Don haka ko ba a so, gicciyen zai ɗauki wani kaso.

Ga lissafin, da ƙarfen walda na yau da kullum, a kan tazarar santimita 19 ɗin da ka auna, in nauyi ya taru a tsakiya. Falat ba 25 da 3 a kwance yana fara lanƙwasa a wajen kilo 20 kacal. Mai 30 da 5 yana kai kusan kilo 65. Angul, wato ƙarfe mai siffar L, mai 25 da 25 da 3 yana kai wajen kilo 240. Fayif mai kusurwa huɗu, 20 da 20, kaurin jiki 1.5, ya haura kilo 300. Dalili shi ne ƙarfin ƙarfe wajen lanƙwasa yana bin tsayinsa ne a tsaye fiye da faɗinsa. In ka ninka faɗi, ƙarfi ya ninka sau 2. In ka ninka kauri, ya ninka sau 4. Shi ya sa ƙarafan cikin kwalin ba su da amfani a nan, sai dai a yi awo da su.

A gaskiya nauyin naka ba a tsakiya zai taru ba. Boltin baya santimita 12 ne tsakaninsu, fayif 19, ke nan kowane bolti santimita 3.5 ne kawai daga inda aka tokare. In nauyi ya sauka ta nan, mai 30 da 5 zai ɗauki kusan kilo 180 kafin ya fara bayarwa. Ga mutum ɗaya a baya wannan ya wadatar a hanya mai kyau. Amma faɗawa rami ko hawa tudun rage gudu da sauri yana ninka nauyin da ƙarfe ke ji sau biyu ko fiye na ɗan lokaci, kuma ƙarfe ba sai an kai shi iyakarsa yake karyewa ba, maimaita lanƙwasa kaɗan-kaɗan sau dubbai yana gajiyar da shi ya tsage a gefen walda ko huji. Shawarata, in akwai sarari tsakanin faranti da madigadi ko da santimita 2 ne, a ɗora wa gicciyen haƙarƙari: guntun falat ba mai kauri 3, tsayi milimita 12 zuwa 15, a tsaye a ƙarƙashinsa, tsakanin fayif biyu, a walda shi ɗigo-ɗigo. Nauyinsa bai kai komai ba, amma ya canza ƙarfin gicciyen gaba ɗaya.

Sai robobin. Mafi kyau su ne na tsohuwar kujerar in ba su farfashe ba, a zare su a yi musu huji daidai wuyansu. In babu, a yanka daga gefen tsohuwar tayar mota inda babu waya, ko bel ɗin inji mai kauri, milimita 10 zuwa 15, faɗi kamar 25 da 35. Tsohon silifas da soson katifa suna mutuwa cikin kwanaki, tib ɗin taya kuma ya yi siriri. Ka sa 6: biyu a gaba, biyu a inda mai tuƙi ke zama, biyu a inda goyo ke zama, kowanne a saitin tsakiyar fayif. Gwajinsu da takarda ake yi. Ka ɗaure kujera, ka gwada zura takarda tsakanin kowace roba da fayif. Inda ta shige, wannan robar ba ta aiki, sai a ƙara mata washa ta sama. In huɗu ne kawai suka taɓa cikin shida, faranti zai riƙa murɗewa har ya tsage a gindin bolti.

Boltin kunnuwa ka nemi wanda aka buga 8.8 a kansa, lambar da ke nuna ƙarfinsa. Marasa lamba suna miƙewa, zarensu ya cinye. Noti kuma mai zoben roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi, da washa shimfiɗaɗɗiya a kowane gefe. Mai kaurin 8 ana matse shi wajen 22 zuwa 25 Nm, wato ma'aunin ƙarfin matsi, in kana da sifana mai awo. In babu, ka matse da sifana ta hannu ba tare da ƙara mata fayif ba.

Tsayi ma abin lura ne. Roba mai milimita 12 da ƙarfe mai 3 ko 5 suna iya ɗaga ka fiye da yadda ka saba. Auna daga ƙasa zuwa saman tsohuwar kujerar kafin ka jefar da ita, ka yi ƙoƙari sabuwar kada ta wuce da fiye da santimita 2, don ƙafa ta riƙa kai ƙasa a cunkoson Kwangila ko cikin yashi. Kuma a duba kwanciyarta babur yana kan tayoyinsa da mutum a kai, ba a kan jakin tsakiya ba, tunda jaki yana ɗaga baya. Ta kwanta daidai, ko hancin ya ɗan ɗaga kaɗan. In ta sunkuya gaba, kowane birki zai tura ka kan tanki, na bayanka kuma ya taho kanka.

Mai Kushin, Tudun Wada:

Malamai sun gama da ƙarfe, ni ta kujerar zan yi magana. Boltin nan huɗu kansu a cikin robar faranti aka binne shi, ba wani ƙarfe a bayansa. Gwada kowanne: ɗaura noti biyu a kai ka matse su da juna, ka ɗan juya da sifana. In ya motsa ko kaɗan, ko ka ga robar gindinsa ta yi fari, kada ka dogara da shi. Ga mai goyo ma ni ina ganin a gyara duka huɗun tun yanzu ya fi.

Gyaran ba wuya. A zare fil ɗin rigar daga baya zuwa tsakiya, a ɗaga soso a hankali, a fitar da tsohon boltin. A yanka ƙarfe mai kauri 2, faɗi santimita 4 da 4, a huda tsakiya, a zura sabon bolti mai lamba 10, a walda kansa a jiki, a goge kan ya kwanta, a zagaye kusurwoyi huɗun da magagari. In ya huce a zura ta sama. Yanzu robar faranti tana tsakanin ƙarfe biyu, ba abin da zai zare ta. A ƙara ɗan ƙaramin sukuru ko ribit a gefe ɗaya don kada ya juya. A rufe shi da guntun tib kafin a mayar da soso, in ba haka ba bakin ƙarfe zai ci soson, wata rana ka ji shi a jikinka. Gam ba ya kama irin wannan robar sosai, don haka kada a ce za a manne bolti ko robobi da shi. Robobin ma huji za a yi musu, ko sukuru mai faɗin kai wanda ya nutse cikin robar yadda ba zai taɓa fayif ba.

Tunda an buɗe, a shimfiɗa leda a kan soso kafin a mayar da riga. Ɗinki yana shan ruwa, a watan Agusta soso ya jiƙe ya kwana uku bai bushe ba, sabbin ƙarafan da ke ciki su fara tsatsa. A ajiye rigar a rana ta yi laushi, a kama gaba, a ja a kama baya, sannan gefe da gefe daga tsakiya. Fil mai tsawon milimita 6 ya isa, wanda ya fi haka yana fasa faranti ya fito.

Notin da ke riƙe tsanin a jikin kujera ba a matse shi kamar na inji, roba ce a tsakani. Ya kama, a ƙara kwatan juyi, shi ke nan. Ragowar boltin a yanke a bar zare 2 ko 3 a bayan noti. A ɗaura notin kafin a yanka, in an kwance shi zai gyara bakin zaren.

Hancin kujera da tanki a bar milimita 3 zuwa 5. In sun haɗu, riga za ta cinye fentin tanki, tanki kuma ya huda rigar.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na yi kwalin, baya ya zo daidai. Matsalar a gaba take. Ƙarfen da tsohon harshen ke shiga ƙarƙashinsa yana santimita 4 ƙasa da farantin sabuwar kujerar, kuma bakin da iska ke shiga akwatin filta yana dab da wurin. Sannan wayoyi sun bi ta saman fayif na hagu, daidai inda robar tsakiya za ta zauna. Shin a lanƙwasa harshen ya sauka, ko a nan dole a yi walda a cesis?

Bakanike, Ɗanmagaji:

Ƙanena, fara da wayoyin. Kwance abin da ya ɗaure su, ka mayar da su gefen ciki na fayif ko ƙarƙashinsa, ka zura su cikin tiyo a inda suka gitta ƙarfe, ka ɗaure duk santimita 10. Kada roba ko tsani su hau kan waya ko da kaɗan. Ba ranar za ta nuna ba, sai ta goge a hankali, fis ya fara ƙonewa, ko fitilar birki ta riƙa ɗaukewa, ko babur ya mutu in an goya mutum ya tashi in an sauka. Bayan an ɗaure komai, hau da wani a baya, kunna fitila, taka birki, gwada sigina hagu da dama.

Bakin iska a bar masa akalla santimita 2 a buɗe ta sama da gefe, kuma a auna da mutum a zaune, don faranti yana sauka. In ya toshe, babur zai riƙa shaƙewa in an ja totur, fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa tafiya, a je a yi ta kwance kafireto a banza. Kada kuma a ce za a yanke bakin ko a cire murfin akwatin don a samu wuri. Ƙurar hunturu a hanyar Shika zuwa Giwa za ta cika filta cikin kwanaki, abin da ya wuce ta kuma ringi da silinda zai ci.

Madigadi in yana wurinsa na asali, taya ba za ta kai ga tsanin ba, abin kiyayewa kawai kada bolti ko haƙarƙarin da malam ya ce a ƙara su zauna a kansa. In an taɓa yanke shi ko an danna shi ƙasa, to sai an gwada. Manna dunƙulen laka mai kaurin santimita 3 a cikin madigadi ta saitin taya, ku hau ku biyu, ku bi ta kan tudun rage gudu, ka duba abin da ya rage. In bai kai santimita 2 ba a gyara kafin a ci gaba.

Wasu suna kama gaban biraket ko kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na baya, a kan notin saman shokozoba. Yana yiwuwa da ƙarfe mai kauri 3, amma a tabbata notin ya samu zare isasshe bayan an ƙara kaurin, kuma washa tana tsakanin ƙarfen da robar idon shokozoba. Ni dai ga kujera ban so, tunda kunnuwan asali suna nan lafiya. Buhu kuma wurinsa kariya ne mai nata ƙafafun, kada a ɗaure shi a wutsiyar kujerar da ta wuce robar ƙarshe.

Mai Walda Muchiya:

Santimita 4 ya yi wa harshe yawa in falat ba ne kawai aka lanƙwasa sau biyu. Zai zama sifirin, kujera ta riƙa ɗagawa, a kwanar sama zai tsage. Hanya biyu ce.

Ta farko babu walda a cesis. A sauko da gindin harshen: a walda guntun fayif mai kusurwa huɗu, 20 da 20, a ƙarƙashin gicciyen gaba, sannan harshen ya fito daga ƙasansa da lanƙwasa ɗaya mara zurfi. A kowane gefe a sa ɗan ƙarfe mai kusurwa uku ya tokare kwanar. Harshen ya shiga ƙarƙashin ƙarfen asali da santimita 2.5 zuwa 3, a zagaye bakinsa, a sa masa guntun tiyo ko tib ninki biyu ya shiga da ɗan ƙarfi. In faɗin 40 zai tare bakin iska, a rage shi zuwa 30 a ƙara kauri zuwa 4. A toshe bakin guntun fayif ɗin biyu da walda, ko a yi masa hujin milimita 3 ta ƙasa ruwa ya riƙa fita. Wannan nake ba ka shawara, domin duk ranar da ka so mayar da kujerar asali babu abin da ya canza.

Ta biyu, in sarari ya ƙi, a ɗora sabuwar gada a kan cesis, falat ba 25 da 4 daga fayif zuwa fayif, harshe miƙaƙƙe ya shiga ƙarƙashinta. Walda a cesis ba haramun ba ce, amma tana da sharuɗɗa. A cire tanki gaba ɗaya a kai shi nesa, kada a ce ai babu mai a ciki, tururin tankin da ba komai a cikinsa ya fi saurin kamawa da wuta. A toshe tiyon mai, a zubar da na cikin kafireto, a rufe shi da akwatin filta da jiƙaƙƙen buhu. A cire kan batir, na nagatif tukuna, a zare soket ɗin CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, da na abin cajin batir. Wayar at ɗin injin walda, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfe, a kama ta a jikin fayif ɗin da ake aiki, a goge fenti, tazarar tafin hannu daga wurin waldar. In aka kama ta a taya ko sarƙa ko salansa, wuta za ta bi ta cikin boris ta ɓata su.

Ƙafafun gadar su sauka ta gefen fayif, waldar ta bi tsawonsa, milimita 15 zuwa 20 a kowane wuri. Ba a zagaye fayif da walda, ba a gitta samansa, nan ne yake ɗaukar ja da matsa. A rage wuta zuwa amfiya 60 ko 70, a karkata sandar ga ƙarfe mai kauri, narkin ya gangaro kan fayif. In aka ga ya fara ja sosai a tsaya. A nisanci inda shokozoba ke kamawa da akalla santimita 5, kuma kada giranda ko walda su kusanci lambar cesis, kada a samu matsala da takardun babur.

Ko wacce aka bi, a kankare dattin walda da guduma a duba ƙarƙashinsa, in akwai ƙananan ramuka ko gefen ya zaizaye a goge a sake. A bi tsanin da samfefa, a wanke da tina, a shafa jan fentin hana tsatsa, ya kwana, sannan baƙi sau biyu. Bayan tafiyar kilomita 100 ta farko ka cire kujerar, ka sake matse notin huɗu da boltin biyu saboda roba tana zama, ka duba gindin harshe da kwanar kunnuwa. Siririn layin tsatsa a jikin fenti alamar tsaga ce ta fara, a nan za a goge a cike, a ƙara matokari. Ka kuma duba saman fayif, ya kamata ka ga sawun roba 6 daidai wa daida, in ɗaya babu sawu a ƙara mata washa ɗaya.